Ɗorin da Ya Ci Yatsan Inna

Na daɗe ina cewa zan rubuta wannan ina fasawa, saboda duk lokacin da na zauna sai raina ya ɓaci in ajiye. Yanzu ma ran nawa a ɓace yake, amma na gane in na jira ya huce ba zan taɓa rubutawa ba. Duk wanda ke da uwa ko mata ko 'yar'uwa da gindin babban yatsan ƙafarta ya turo ya yi ƙullutu, don Allah ya karanta har ƙarshe kafin ya saurari shawarar dangi.

Sunana Bilkisu, ina koyarwa a wata firamare, ina aure a unguwar Kwararafa a Jos. Mahaifiyata, da muke kira Inna, tela ce a Nasarawa Gwom. Keken ɗinkinta irin na takawa ne, tsoho, baƙi, yana rumfar ƙofar ɗakinta. Tun da Babanmu ya rasu da wannan keken ta ciyar da mu, ta kai mu makaranta, ta aurar da mu. Na sha ce mata ta huta mu ɗauki nauyinta, sai ta harare ni ta ce ranar da ta fara miƙa wa 'ya'yanta hannu don kuɗin sabulu, ranar a fara haƙa mata kabari. Don haka in na ce ƙafar Inna, a gane abincinta nake nufi da mutuncinta.

Ƙullutun ya daɗe a ƙafarta. Tun muna yara muke ganinsa a ƙafafun biyu, amma na dama ya fi fitowa. Gindin babban yatsan ya turo waje, shi kuma kan yatsan ya kwanta ya jingina da na kusa da shi. Ba mu ɗauke shi ciwo ba, tunda haka muka ga ƙafar kakarmu ma, har tsokanarta muke yi cewa ƙafarta ta yi gwiwar hannu. Ita kuma Inna mace ce mai son gayu. A zamanin ƙuruciyarta takalmi rufaffe mai tsinin baki ake yayi, kuma ba ta zuwa biki sai da shi, ko da za ta dawo tana ɗingishi ta jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi da gishiri.

'Yan shekarun nan ne abin ya canja. Wurin ya fara ja, fatar ta yi kanta, in ta yini a kan keke sai ya riƙa zafi kamar an ɗora garwashi. Takalmanta duk ta bi su da reza ta tsaga gefe. In sanyin Jos ya sauko kuwa, sai ta daɗe a bakin gado kafin ta iya taka ƙasa. Na lura ko a sallah ta daina kafa yatsun dama in ta zauna tahiya, sai ta shimfiɗe ƙafar gefe. Daga baya yatsan da ke biye ya fara hawa kan babban. A daminar bara ta kai ga kafin azahar ta sauka daga keke, kayan mutane suka fara taruwa, ita da ba a taɓa zuwa karɓar ɗinki ta ce a dawo gobe ba.

Da ƙyar na ja ta asibiti. Muna idar da sallar asuba muka fita, muka tarar da waɗansu kamar a can suka kwana. Layin yankar kati daban, layin neman fayil daban, matar da ke bayan taga kuma tana amsa mutane kamar mu muka ɗora mata aikin. Sai bayan azahar muka ga likita, ya dubi ƙafar daga inda yake zaune, ya ce ba nasa ba ne, na likitan ƙashi ne, mu dawo mako mai zuwa da hoto. Injin hoton asibitin kuma wai ya lalace, sai da muka je wani wuri a cikin gari. Na yi ta masifa a hanya, Inna na ce mini in rage murya mutane na kallo.

Likitan ƙashin dai, Allah ya saka masa da alheri. Mutumin Filato ne, dattijo. Ya sauko daga kujera ya tsuguna ya riƙe ƙafar Inna da hannunsa, ya sa ta taka ƙasa ya duba tafin. Ya ce sunan abin a wurinsu baniyan, kuma ba ƙari ba ne, ba ruwa ne ya taru ba, ba nama ne ya tsiro ba. Ƙashin da ke bayan yatsan ne ya karkata waje a hankali, yatsan ya karkata ciki, gaɓar da ke tsakaninsu ta turo. Ya ce yawanci gadon ƙirar ƙafa ne, musamman masu shimfiɗaɗɗen tafi, matsattsen takalmi da yawan tsayuwa kuma su ƙara masa gudu. Sannan ya faɗi maganar da har yau take kunnena.

"Mama, wannan ba targaɗe ba ne, ƙashi bai goce ba. Kada ki bar kowa ya ja shi, ko ya tsaga, ko ya ɗaure. Babu jan da zai miƙar da shi."

Abin da ya sa ya ja kunne haka, an gwada jininta an ga suga ya hau, abin da ba mu taɓa sani ba. Ya ce ƙafar mai suga ba ta son rauni komai ƙanƙantarsa. Ya rubuta maganin sugan da na rage zafi, ya ce ta koma takalmi mai faɗin baki da taushi, ya nuna mana wata 'yar roba da ake sawa tsakanin yatsu, ya ce ta riƙa hutawa tsakanin ɗinki. In duk wannan bai isa ba akwai tiyata, a daidaita ƙashin, amma ba zai taɓa ta ba sai sugan ya sauka. Ranar da aka ba mu ta dawowa tana da nisa ƙwarai. Na yi ƙorafi, aka ce in dubi yawan mutanen da ke waje.

Kalmar tiyatar nan ce ta isa kunnen Kawu Ɗanlami. Shi ne yayan Inna, uwa ɗaya uba ɗaya, tsohon direba ne a Dilimi, kuma shi ya riƙe ta bayan rasuwar iyayensu. Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, da shekarunta da jikokinta. Shi kuwa Kawu irin mutanen nan ne da ba a taɓa kawo maganar da ba su riga sun sani ba. Ya zo da la'asar, ya dubi ƙafar, ya ce wannan ai tsohon targaɗe ne da ba a gyara ba. Ya ce likitoci yanka kawai suka iya, shi yana da maɗori a wani ƙauye ta hanyar Bauchi wanda ya ɗora masa hannu lokacin da ya yi hatsari, ya ɗora yaran mota ba adadi. Ban musa masa wannan ba, hannunsa ya warke, na gani. Amma tasa karaya ce. Na maimaita masa abin da likita ya ce, har da maganar suga. Ya dube ni ya tambaye ni ko a gabana aka haifi uwata. Inna kanta na ƙasa. Bayan ya tafi ta yi mini alkawari ba za ta je ko'ina ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, sauƙi ya fara samuwa. Makon farko ta yi ta mita a kan takalmin da na sayo mata, wai irin na masu haƙar kuza ne. A mako na biyu jan wurin ya ragu. Ba a jima ba tana hawa keke da safe, ta huta, ta sake hawa bayan la'asar, tarin kayan nan ya fara raguwa. Ƙullutun na nan, likita ma bai ce zai ɓace ba, amma tana barci tana aiki. A wannan halin na bar ta na tafi Gombe, don ƙanwar mijina ta haihu babu mai zama da ita, makaranta kuma ana hutu.

Abin da ya faru bayan tafiyata daga bakin Inna na ji shi daga baya, a gadon asibiti. Kawu ya zo da mota da sassafe, bai tambaye ta ba, ce mata kawai ya yi ta ɗauko mayafi. A can ƙauyen aka zaunar da ita a tabarma aka danne ta, maɗorin ya kama yatsan ya ja ya murɗa har wani abu ya ce ƙas. Ya ce ƙashin ne ya koma mazauninsa. Hoton da aka ɗauka daga baya ya nuna karya shi ya yi. Ya sa aska ya yi mata tsaga a kan ƙullutun wai mataccen jini ya fita, ya shafa wani baƙin magani, ya jera karare ya ɗaure da tsumma tamau. Sannan ya sa aka kawo kaza, ya karya mata ƙafa, ita ma ya ɗora ta. Ya ce su tafi da kazar gida, ranar da kazar ta taka ƙasa sosai, ranar ƙafar Inna ta haɗe. Ya kafa sharaɗi cewa babu hannun da zai kwance ɗorin sai nasa, kuma a ajiye ƙwayoyin asibiti, don magani biyu ba sa haɗuwa a jiki ɗaya. Haka aka tattara har da maganin suga aka kulle a kwaba.

Kullum ina kiranta a waya, kullum tana ce mini lafiya ƙalau, sai dai muryar a shaƙe. Kawu ya hana a gaya mini, wai ni 'yar boko ce zan ɓata aikin. Wadda ta tona ita ce Maman Kaneng, wata mai sayar da kayan lambu da ke kawo wa Inna ɗinki tun muna ƙanana. Ta zo duba ankon matan zumuntar cocinsu da ta bayar, ta iske Inna kwance da zazzaɓi. Ba ta tsaya neman izinin kowa ba, ta kira ni.

"Bilkisu, ki bar abin da kina yi ki zo. Ƙafan Mama yana wari. Na tambaya, sun ce wai maganin ne yana wari haka. Ni na san warin magani, wannan ba shi ba ne."

Washegari na shigo Jos, ko gidana ban biya ba. Tun daga zaure warin ya tare ni. Kawu na zaune a tsakar gida kan kujerar roba. Da ya gan ni bai ji kunya ba, murmushi ma ya yi, ya ɗaga kwandon da aka kifa a gindin bango ya saki kazar. Ta yi ɗingishi ta nufi wurin hatsi. Ya ce in gani da idona, ta fara takawa, saura kaɗan. Wallahi na tsaya ina kallon dattijo da furfurarsa yana auna lafiyar uwata da tafiyar kaza, alhali uwar tawa na ɗaki kusa da shi jikinta kamar wuta, bai leƙa ƙafar ba tun da aka ɗaure ta. Duk gidan kazar ake dubawa safe da yamma, ana ba ta dawa da ruwa mai kyau.

Na shiga ɗaki. Saman ƙafar ya kumbura ya haye tsumman yana sheƙi, ƙananan yatsun da suka leƙo sun yi sanyi. Na fito rumfa na ɗauko almakashinta daga aljihun keke na dawo. Inna ta kama hannuna.

"Bilkisu, don girman Allah kada ki kunyata ni a gaban Yaya. Mutumin ya ce in wani ya kwance, abin da ya biyo baya ba ruwansa."

Kawu ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in na taɓa ɗorin nan babu shi babu ni. Na ce masa na ji, kuma har yau ban yi nadama ba. Na datse tsumman, kararen suka zube. Ba zan bayyana duk abin da na gani ba. Babban yatsan ya yi baƙi, wuraren tsagar sun buɗe sun haɗe sun zama rami ɗaya mai mugunya, kowane kara ya bar sawunsa a cikin nama. Kawu ya leƙo, ya kau da kai, ya ce iska ce ta shiga yanzu da na buɗe.

Ni da Maman Kaneng, da ta biyo ni gidan, muka ɗauke ta muka sa a napep. A ɗakin gaggawa wata nas ta ɗaga zanen da na rufa, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce haka muke, sai mun gama lalata mutum a gida mu kwaso mu kawo musu. Na so in ce mata ni ce na fara kawo ta nan tun ƙafar na da kyau, ku kuka ba mu rana mai nisa, amma kuka kawai na yi don takaici. Babu gado, a kan benci aka sa mata ruwa. Safar hannu, auduga, allura, komai sai an rubuto na fita na sayo, in na kawo wannan a ce saura wancan.

Da safe likitan ƙashin ya zo zagaye ya gane mu. Bai yi faɗa ba, ya daɗe yana kallon ƙafar, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce yatsan ya mutu, ɗaurin ya hana jini zuwa, cuta ta shiga ta wurin tsagar har ƙashi. Dole a cire shi da wani ɓangare na ƙashin bayansa, kuma da wuri, don ruɓar tana hawa. Nan kuma wata sabuwa ta taso. Inna ta ce ba za a yanke mata komai ba sai da yardar yayanta. Aka kira Kawu a waya, ya ce bai yarda ba, a mayar da ita wurin maɗori ya gyara ɓarnar da na yi. Haka muka ɓata yinin nan, ina kallon jan yana matsowa wajen idon sawu. Na yi lallashi, na yi faɗa, mijina ya zo ya yi nasa, ta juya fuska bango.

Da yamma likitan ya sake biyowa kafin ya tashi. Inna ce da kanta ta yi masa magana, a hankali.

"Likita, in ka cire, zan taka keke?"

"Ba zan yi miki alkawari ba, Mama. Amma in ciwon ya wuce nan," ya taɓa idon sawunta, "na yi miki alkawari ba za ki taka ba."

Sai ta ce a kawo takardar amincewa ta dangwala.

Aka yi aikin. Sai jinya ta fara, kuma duk wanda ya yi jinyar mai suga ya san ciwonsu ba ya gaggawa. Makonnin farko a asibiti na tare, tabarmata a ƙarƙashin gadonta. Ni ke kai ta banɗaki, ni ke goge mata jiki, ga sanyi na shigowa ta tagar da gilashinta ya fashe aka toshe da kwali. Ruwan zafi mijina ke kawowa daga gida a fulas. Lokacin wankin ciwo Inna ba ta kuka, gefen zaninta take cusawa a baki ta cije, ni ce ke fita waje in yi. A nan zan gode wa nas ɗin nan da ta wanke ni da faɗa a ɗakin gaggawa. Ashe bakinta ne kawai mai zafi, hannunta ya fi na kowa sauƙi, ita ta koya mini yadda zan wanke ciwon a gida da yadda zan riƙa duba ɗaya ƙafar kullum har tsakanin yatsu. Maman Kaneng kuma kusan kullum sai ta zo da gwaten acca a kula, tunda an hana Inna tuwon shinkafa. Ankonta da bai samu ba ko sau ɗaya ba ta ambata ba.

'Yan dubiya kuwa Allah ya shirye su. Wata ta ce sammu ne abokan sana'a suka yi mata. Wata ta zo da man shanu da garin wata saiwa a leda tana neman inda za ta shafa, na karɓa na raka ta har ƙofa. Da muka koma gida na ji labarin da ke yawo a dangi, wai aikin maɗori na tafiya daidai, har kaza ta warke, Bilkisu ta zo da rashin kunyarta ta kwance kafin lokaci, iska ta shiga, sannan ta kai uwarta aka yanke. Har yau akwai gidajen da in na shiga a daƙile ake amsa gaisuwata. Kawu sau ɗaya ya zo asibiti, ya tsaya daga nesa, ya ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma ba ita ta tuƙo mota ta zo ta ɗauki Inna ba.

Ga abin da nake so a riƙe. Ƙullutun gindin babban yatsa ba targaɗe ba ne ba kuma karaya ba, ba aikin maɗori ba ne balle wanzami. Mutane da yawa suna rayuwa da shi har tsufa da takalmi mai faɗi kawai, ita kanta Maman Kaneng ta cire silifas ta nuna mini nata. In ya fara zafi ko ja, ko yatsa ya fara hawa kan ɗan'uwansa, a je asibiti a jure wulaƙancin layi, a kuma gwada suga. Duk ɗaurin da ya sa ƙafa kumburi ko sanyi ko wari, a kwance shi nan take, ko wa ya ɗaura, ko wa zai yi fushi. In kuma kina da uwa mai jin nauyin yayanta irin tawa, kada ki dogara da alkawarinta, don ba za ta iya cika shi ba in ya tsaya a kanta.

Ciwon ya ɗauki watanni kafin ya rufe. Inna ta koyi tafiya da sanda, tana karkata, don ashe babban yatsan nan shi ke riƙe mutum in ya ɗaga ƙafa. Keken na rufe da tsohon zani. Kullum sai ta goge shi ta ɗiga masa mai, amma ba ta hau ba. Likita ya ce ta gwada a hankali in ta ji ƙarfi, ni dai ina jin tsoron gwadawar take yi, kada ta tabbatar. Ni ke kawo cefane, in na ajiye sai ta kau da kai kamar ba ta gani ba, kuma na san wannan ya fi ciwon cin ta.

Wata Asabar ina gidan ina yi mata wanki, sai ga Kawu ya yi sallama da wani mutum a bayansa, har cikin gida. Ya ce tela ne daga Dilimi, ya kawo shi ya ga keken. Tunda ƙanwarsa ba za ta ƙara ɗinki ba, gara a sayar tun bai yi tsatsa ba a sami abin sayen magani, shi taimako yake nufi. Mutumin har ya yaye zanin yana juya keken da hannu yana sauraron ƙararsa. Na tsame hannuna daga kumfa. Na riga na shirya abin da zan faɗa, kuma da na faɗe shi da zumunci ya ƙare a ranar.

Inna ta riga ni, amma ba da baki ba. Ta dogara sandarta ta miƙe, ta ratsa tsakaninsu, ta zauna a kujerar keken. Ta jawo wani yadi daga cikin waɗanda masu su ba su zo sun karɓa ba, ta zura zare, ta ɗora ƙafafun biyu a kan mataki. Da farko keken ya juya baya, zaren ya tsinke. Ta sake zurawa. Da ta ƙara takawa ya kama, ƙararsa ta cika gidan. Telan ya dubi Kawu, ya ce ai Hajiya na aiki da kayanta, ya yi sallama ya fita. Kawu ya tsaya yana kiran sunanta, ta ci gaba da ɗinki ba ta ɗago ba, har ya gaji ya bi bayan mutuminsa.

Sai da ta ji an rufe ƙofar zaure ta tsaya. Na matso ina murna, sai na ga gumi na zubo mata a cikin sanyin nan. Ɗinkin ya karkace, ya bar layi tun daga tsakiya. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta yi magana ba tare da ta dube ni ba.

"Zo ki sauke mini ƙafar nan, na kasa ɗaga ta. In kin gama ki miƙo mini reza in farke wannan, gobe in sake."